Kogin da Ya Cika da Hunturu

Duk wanda ya saba hawa bas mai bene daga unguwar Peckham zuwa tsakiyar Landan a shekarun da kuɗin man fetur suka fara juya kan Najeriya, da wuya a ce bai karɓi tikiti daga hannun Katung ba. Kwandasta ne, dogo, siriri, ya ɗan ranƙwafa saboda yawan sunkuyar da kai a matakalar bas. Ba shi da surutu, sai fa in an taɓo zancen kogi, nan kam sai ka nemi wurin zama. Abokan aikinsa sun san shi da wani ɗankwalin atamfa mai ruwan ganye da yake naɗawa a wuya, ƙarƙashin kwat ɗin aiki, ana sanyi ko ana zafi. Sun sha yi masa tsiya a kai, shi kuwa bai taɓa gaya musu na matarsa ne ba.

Mutumin kudancin Zariya ne, amma a Kaduna ya tashi, inda mahaifinsa ke noman lambu a fadamar bakin kogi. Karatun akanta ya kawo shi Ingila jim kaɗan bayan samun mulkin kai. Jarrabawa ta kayar da shi, ya tashi, ta sake kayar da shi, daga nan ya sallama mata ya rataya injin tikiti. Matarsa Dinatu ta biyo shi, ta samu aikin wanki da guga a wani asibiti. Allah bai ba su haihuwa ba. Ɗaki ɗaya suka kama a wani tsohon gida bayan titin Rye Lane, suka yi zaman masu jiran mota: ba a sayen kujerar kirki, ba a kafa ƙusa a bango, tunda ai baɗi za a koma gida. Abu ɗaya Dinatu ta yarda ta tara, zannuwa. Duk atamfar da ta kwanta mata a rai sai ta saya, ta zauna ta kalmashe bakinta da allura irin yadda mahaifiyarta ta koya mata, ta ninke, ta jera a wani babban akwatin ƙarfe. In Katung ya ce ta ɗaura ko ɗaya su je coci, sai ta ce, "Bar su, Maigida, na ranar sauka ne."

Ranar saukar ba ta zo mata ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da ita a hunturun 1974. Da safen da za a kai ta asibiti, ita da kanta ta kulle akwatin, ta ƙulle makullin a gefen ɗankwalin da ke kanta. Bayan 'yan kwanaki aka miƙo wa Katung ɗankwalin cikin jakar takarda, makullin na nan a ƙullinsa. Aka binne ta a wata makabarta ta kudancin Landan, ana yayyafi, mutanen coci na rawar ɗari suna waƙa da Hausa.

A wajen mutanensu, miji ba ya buɗe akwatin matarsa in ta rasu. Shi zai ɗauke shi da kansa, a kulle, ya kai gidan iyayenta. 'Yan'uwanta mata ne za su buɗe su raba, uwa ce ke fara zaɓa, kuma sai ta ɗaura zanen 'yarta sannan a ce makoki ya tashi. Mahaifiyar Dinatu, wadda kowa ke kira Mama, ta tsufa, idonta ya fara mutuwa. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba. Ta aiko da saƙo ta bakin wani fasto cewa ba za ta cire baƙin zane ba sai akwatin ya iso.

To me ya hana shi tafiya? Kunya ce, ba wani abu ba. Lokacin ne mutanen gida suka fara cika Landan, ba don karatu ba, don sayayya. Waɗanda a makaranta Katung ke yi musu lissafi, yanzu su ne manyan sakatarori da 'yan kwangila, suna fitowa daga kantunan Oxford Street da kaya niƙi-niƙi, tasi na jiransu. Shi kuwa yana rataye a bayan bas yana kaɗa ƙararrawa. Yaya zai sauka Kaduna ba takardar shaida, ba mata, sai akwatin mamaciya? Ya ce baɗi. Baɗi ta zo, ya ce baɗi.

Ana cikin haka hukumar unguwa ta ce za ta rushe layinsu ta gina dogayen gidaje. Masu iyali aka ba su wurin zama. Gwauro mai hayar ɗaki ɗaya kuwa, aka ce ya jira. Ya samu gado a unguwar Stratford, a ɗakin da ma'aikata ke kwana bi da bi, in wani ya tashi wani ya kwanta, ko takalmi sai ka sa a ƙarƙashin matashi. Ba inda akwati zai zauna a wurin.

Bernard ne ya kawo mafita. Shi ne direban bas ɗin Katung, ɗan Jamaika, ƙato, mai dariya kamar ana gangaro da ganga. Yana da wani tsohon karaban a bayan gidansa, wato ɗan ɗaki a kan taya, mai gado da murhu da taga, wanda Turawa ke ja da mota in za su hutu. Ya ce, "Ɗauki, Kat. A bakin kogi, can yamma da gari, akwai filayen da ake ajiye su. Ka sa akwatinka, ranar hutu ka je ka sha iska. Kai da kullum kake cika mana kunne da kogi."

Ranar wata Lahadi ta watan Agusta, shekarar 1976, bayan an tashi daga coci, suka hau motar Bernard suka fita neman fili. Shekarar ce Ingila ta sha fari irin wanda tsofaffinta suka ce ba su taɓa gani ba. Ciyawa ta ƙone ta yi ja, an hana ban ruwan fure, Turawa sun yi ja kamar gauta suna ta ƙorafi. Katung kam daɗi ya ji, ya ce yau ƙasar nan ta yi kama da ƙasa.

A fili na farko, mai wurin ya leƙo, ya dubi fuskokinsu biyu, ya ce ya cika. Rabin filin a bayansa fayau, ko kare babu. Suka juya mota, sun saba. Na biyu yana kan tudu kusa da babbar hanya, an shafe shi da siminti, ga shinge, ga mai gadi. Bernard ya ce nan ne, ba ɓarawo, ba laka. Katung ya tsaya ya saurara, ba ya jin komai sai gurnanin manyan motoci. Ya ce shi bai baro Peckham don ya kwana a tasha ba.

Na uku yana gefen wani ɗan gari na bakin Kogin Thames, mai tsohuwar gada ta dutse da coci mai dogon tsini. Wata tsohuwar bazawara ce mai shi, Misis Jane, mai karnuka biyu da muryar da ba ta san raɗa ba. Ba ta dubi fatarsu ba, takalmansu ta duba, ta ce su goge kafin su shigo. Fili biyu gare ta: na sama kusa da gidanta, da na ƙasa a bakin ruwa, ƙarƙashin wasu itatuwa masu zubo rassa har ƙasa.

Katung bai ko kalli na sama ba. Ya gangara, ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shiga ruwa. Da ƙyar ya kai masa gwiwa. Laka ta bushe ta tsattsage a gaɓa, ƙananan jirage sun zauna a ƙasa sun karkace. Ya ɗebi ƙasar ya murza, ya sansana, idonsa ya ciko, don ƙamshin fadamar babansa ya ji. Ya juyo ya ce wa Bernard, "Wane wata muke ciki?"

"Agusta."

"To a Agusta, inda nake tsaye ɗin nan, in Kogin Kaduna ne, ko raƙumi ba zai tsaya ba. Yanzu ne ƙarfin kogi. In wannan ne iyakar cikarsa, to tsoho ne, ba haƙori."

"Ka manta fari ake yi."

"Na sa farin a lissafi. Ƙara masa tsayin mutum guda, ba zai taɓa tayar karaban ba. Daga Oktoba kuma sai ja da baya. Haka kogi yake."

Kada a ce wauta ce tsagwaronta. Thames ɗin da Katung ya sani shi ne wanda bas ɗinsa ke tsallakawa kullum, wanda aka ɗaure tsakanin bangaye, yana hawa yana sauka safe da yamma da ruwan teku, ba ruwansa da wata. Ruwan saman Ingila kuwa ba shi da damina balle rani, duk ranar da ya ga dama yake zuwa. Don haka kalandar kogi ɗaya ce a kansa, ta Kaduna, kuma ita kaɗai ce ilimin da jarrabawa ba ta taɓa kayar da shi a kai ba.

Misis Jane ta gaya masa gaskiya, da ƙarfi ma. Ta ce, "Mista Katung, filin ƙasa na lokacin zafi ne. Kafin Nuwamba kowa yana janye nasa. Kogin nan da hunturu yake cika. In kana son wuri a sama, ka faɗa da wuri in ajiye maka."

Ya ce, "To, Madam," cikin ladabi, har da ɗan rusunawa. A ransa kuwa ya ce tsufa ya fara taɓa baiwar Allah. Ina aka taɓa jin kogi ya cika da hunturu, lokacin da yara ke tsallake shi a kan duwatsu?

Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da ya gani tun rasuwar Dinatu. Ranar hutu sai ya hau jirgin ƙasa da sassafe, ya buɗe karaban, ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ya goge shi, ya dafa shayi, ya zauna a bakin ƙofa yana ba shi labarin mako. Ya yi 'yan kunyoyi a gefe ya zuba irin alayyafo. A nan ne ya fara barci har rana ta fito. Ya ma fara cewa da Ista zai tafi gida, kuma a karon nan har shi kansa ya yarda da maganar.

Farin ya karye a Satumba, ruwa ya yi ta zuba. Kogi ya taso ya rufe lakar gaɓa. Maƙwabta suka fara janye karabansu ɗaya bayan ɗaya, filin sama ya cika. Misis Jane ta sake yi masa magana, ta ce ko a bakin rumfarta ne ta matsa masa. Katung ya yi abin da babansa ke yi, ya kafa sanda a daidai bakin ruwa. Da ya dawo mako na gaba ruwan ya ja baya da sandar kamar taki guda. Shi ke nan, ya samu shaida. Ya ce daminar ce ta makara, ga shi ta wuce. Kafin Kirsimeti tsohuwar ta kulle gida, ta kwashi karnukanta ta tafi wajen 'yarta, karaban ɗin Katung ya rage shi kaɗai a ƙasa.

Wata safiya bayan sabuwar shekara suna shan shayi a kantin garejin bas, rediyo ya ambaci garuruwan da ruwa ya shiga. Bernard ya ajiye kofi, ya dubi Katung. Suna sauka daga aiki suka kama hanya. Daga kan gadar dutsen suka hango. Ba fili, ba kunyoyi, ba sanda. Ruwa ne ja, mai faɗi, yana tafe da rassa da ganguna, ga rufin karaban ya ɗan leƙo kamar ƙwaryar da aka kife. Katung ya riƙe dutsen gadar. Abin da ya fito daga bakinsa, da Hausa, shi ne, "A watan Janairu?"

Sai da suka yi kwanaki suna zarya kafin ruwa ya janye. Suka kutsa cikin laka, suka ɓalle ƙofa, suka jawo akwatin, su biyu da ƙyar. Da suka karkata shi, ruwa ya yi ta tsiyaya ta bayan murfi, baƙi-baƙi.

Bernard ya ce, "Kawo makulli. Yanzu mu kai gidan wanki na Rye Lane, a wanke, a busar, kafin dare an gama. Ba abin da zai same su."

Katung ya dafe wuyansa. "Ba ni zan buɗe ba."

"To ni in buɗe. Ko matata."

"Sai jininta."

"Kat, jininta na can Najeriya. Zannuwan nan ruɓewa za su yi!"

"Na riga na yi mata laifi ɗaya. Ba zan ƙara na biyu ba."

Nan kam abin haushi ne, kuma abin tausayi. Mutumin da bai ji maganar mai fili ba don ya san kogi, yanzu ba zai ji maganar aboki ba don ya san al'ada. Makullin na nan a maƙogwaronsa, yana jin sanyinsa a fata. Suka kai akwatin rumfar bayan gidan Bernard. Katung ya ɗora shi a kan bulo, ya karkata shi, ya kunna masa hitar kananzir, yana zuwa kullum yana juya shi kamar mai jinya. Ruwa ya daina ɗiga, ya ce ya bushe. Da zafi ya shigo, matar Bernard ta daina shanya a kusa da rumfar saboda wari. Ista ta zo ta wuce, ba wanda ya ƙara jin zancen tafiya.

A Nuwamba Tabitha ta iso, ƙanwar Dinatu, wadda Katung ya bari tana 'yar firamare. Yanzu matar ɗan kwangila ce, ta rako mijinta sayayya. Ta neme shi ta hannun mutanen coci, ta zo Peckham a tasi, da kwat mai gashi a kan leshi. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, suka yi kuka, sannan ta share ido ta shiga magana.

"Yaya, Mama fa ta ƙare. Shekara uku cikin baƙin zane, ya koɗe ya yage, ta hana a canza. Ba ta gani yanzu sam. Ta ce in ba za ka iya zuwa ba ta yafe maka kawowa, ni in buɗe a nan in kai mata. Mun yi booking, jibi za mu tashi. Ina akwatin?"

Ya kai ta rumfar. Ya zaro gefen ɗankwalin daga wuyansa, ya kwance ƙullin da Dinatu ta yi da hannunta, wanda bai taɓa kwancewa ba. Sai da ya sa haƙori. Ya miƙa mata makullin, ya juya baya, don miji ba ya kallo.

Ya ji kukan murfi. Ya ji ta yi tari.

"Yaya, juyo."

Zannuwan sun zama abu ɗaya, dunƙule, baƙi da fari-fari, kamar tuwon da aka manta a tukunya. Ta kama na sama za ta ɗaga, ya biyo hannunta a marmashe. Ta tona har ƙasa, tana neman ko ɗaya, ko rabin ɗaya. Babu. Ya gaya mata komai, bai rage ba: filin, tsohuwar, sandar, Janairu.

"Ruwa ya shiga tun Janairu, makulli na wuyanka?" in ji Tabitha. "Yaya, wa zai kama ka? Wa zai ce don me? Zane ɗaya Mama ke nema. Ɗaya tak!"



Ta zauna a kan bulo, kwat ɗin mai gashi cikin ƙura, ta yi kuka mai isarta. Da ta natsu sai ta ce, "Tashi mu je shop. Ka zaɓo irin wanda take so, in wanke shi sau biyu, in ce mata na Yaya Dinatu ne. Ai ba ta gani."

"Za ta shafa bakinsa," in ji Katung. "Ita ta koya mata kalmasa."

Tabitha ta san gaskiya ne. Tsohuwar ba ta da ido, amma yatsunta ba su manta ɗinkin 'yarta ba.

Katung ya ɗaga hannu ya warware ɗankwalin daga wuyansa. Ya koɗe, tsakiyarsa ta yi laushi don gumi da wanki, amma kalmasar na nan, ƙanana, a jere, ba wadda ta kwance. Shi kaɗai ne abin Dinatu da bai shiga akwati ba, shi ya sa yake ganin yana da ikon riƙe shi. Ya ninke shi a kan gwiwarsa yadda take ninkewa, ya miƙa da hannu biyu.

"Ba zane ba ne. Amma zai isa ta ɗaura a ka. Ki ce mata shi ne a kanta ranar da ta fita."

Tabitha ta shafa bakin ɗankwalin da babban yatsa, ta sa shi a ƙirji cikin rigarta, ba a jaka ba. Ta dubi wuyansa, dogo, tsirara, da ɗan zobe mai haske inda zanen ya saba zama.

"Kai kuma fa, Yaya? Me ya rage maka nata?"

Ya duba rumfar. Ya sunkuya ya zare makullin daga jikin akwatin, ya sa a aljihu.

Ya raka ta har tasi. Yana da aikin yamma, don haka ya wuce gareji a ƙafa, iska na shiga ta wuyan kwat ɗinsa. Bernard na zaune a gaban bas ya riga ya tayar da inji. Ya dube shi ta madubi, ya ga wuyan, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya fasa. Katung ya rataya injin tikiti, ya ɗaga abin wuyan kwat ɗin har kunne, ya kaɗa ƙararrawa.